Ni da Takwarata da Kiyashin Riyad

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Duk wanda ya shigo yi mini sannu da zuwa sai ya gyara zama ya ce, "To Malama, yaya Riyad ɗin?" Na ba matan Islamiyyarmu labari, na ba maƙwabta, na ba har mai kawo mana ruwa. Sai na lura labarin ya fara ƙiba a bakin mutane, don jiya wata ta ce mini wai ta ji na yi dambe da Baturiya a kan tururuwa. Ba a yi haka ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, rubutu ba zai gagare ni ba.

Wurin autana Kabiru na je. Yana aikin ba da magani a wani asibiti a can, matarsa Rukayya kuma nas ce. Amma in gaya muku gaskiya ba don su na ɗauki ƙafa ba, su ai ina ganinsu in sun zo hutu. Don 'yarsu na je. Shekararta takwas, a can aka haife ta, sunana aka sa mata, Sa'adatu, ana kiranta Ummi. Sau ɗaya na taɓa riƙe ta, tana rarrafe, tun daga nan ba su sake zuwa da ita ba. A waya kuwa sai ta ɗaga mini hannu ta gudu. Na ce wa kaina, Sa'adatu, gwiwoyinki sun fara ba ki notis, in ba ki je kin san takwararki yanzu ba, sai dai ta ji labarinki. Wata guda cur tikitina ya ba ni.

Na haɗa kaya kamar mai ƙaura: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, sai alkaki cikin babban kwano wanda na yi da hannuna saboda yarinyar. Auta ya kira ni sau uku a kan abu ɗaya. "Hajiya, don Allah kada ki ɗauko goro, ba sa bari." Na ce na ji. Wannan wata da na yi ba goro, Allah kaɗai ya san yadda na yi shi.

Daga Funtuwa zuwa Kano babu abin faɗa, sai direban da ya ce daddawata za ta kashe masa fasinja, na ce in ta kashe su ni zan yi musu miyar sadaka. A jirgi aka haɗa ni kujera da wani dattijo ɗan Gumel, shi ma wurin ɗansa zai je. Duk girgizar da jirgi ya yi sai ya kama salati da ƙarfi, in an lafa ya juyo ya ce mini, "Hajiya, kada ki ji tsoro." Muka yada zango a Alƙahira. A nan na ga matakalar nan mai tafiya da kanta, na tsaya na dube ta, ta dube ni, na ce ba da ni ba. Na bi ta ƙafa ina nishi, dattijon yana sama yana jirana kamar wanda ya ci gasa.

A bakin shiga Riyad ne lallena ya jawo mini. Na sha lalle har ya yi baƙi saboda tafiya, ga yatsun da alli da wanke-wanke suka shafe. Na ɗora a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ma'aikaciyar, wata yarinya mai fara'a, ta ba ni mai na shafa, ta kama hannuna ta danna da kanta tana cewa, "Shwayya shwayya, ya ummi," wato a hankali, mamata. Sai a karo na shida na'urar ta yarda ni mutum ce. Mai duba kaya ya buɗe ƙullin daddawa, ya sunsuna, ya ja da baya, ya rufe mini jaka da sauri ya ce in wuce.

Suna tsaye a waje su uku. Na ga yarinya siririya, doguwa, mai manyan idanu, ta riƙe furanni, an yi mata kitso mai kyau. Zuciyata ta cika. To kun san mu, in zuciyar kaka ta cika ba da daɗin baki take fitowa ba. Na tsaya na kama haɓa na ce, "Kai! Wannan mummunar ce aka ba sunana? Dubi wuya kamar na zalɓe. Auta, ku dawo mini da sunana, ban yarda ba."

Auta da Rukayya suka fashe da dariya. Yarinyar ba ta yi ba. Ashe tana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke mata wuya. Ta miƙo mini furannin ba ta dube ni ba, ta koma bayan uwarta. A mota na ji tana yi wa ubanta magana da Larabci ƙasa-ƙasa. Na ce, "Me take cewa?" Sai da na matsa ya ce, "Wai in sunan naki ne kina so, a mayar miki, ita a sa mata wani." Na yi dariya, na ɗauka zuwa gobe ta manta.

Gidansu a unguwar Nasim yake, hawa na biyu, shiƙƙa suke ce masa. Babu tsakar gida, babu zaure, ƙofa a rufe, taga a rufe, na'urar sanyi na hura ka kamar nama a firji. Kwana huɗu na yi ban ga fuskar maƙwabci ba. Na ce wa Rukayya, "A nan in mutum ya mutu sai wari ya sanar." Ta ce, "Mama, suna da kirki, sai dai sai an gayyace ka." Aka kuwa gayyace mu. Matar gidan ƙasa ta yi mana kabsa, shinkafa da naman rago a faranti ɗaya kamar faifan shanya, ga gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa ta ƙara, ina shanyewa ta ƙara. Ni kuma a tarbiyyata ba a mayar da hannun mai kyauta. Sai da na sha bakwai Rukayya ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Ranar har la'asar zuciyata na bugawa kamar ana daka.

A gidan nan na ga abin da ya tsaya mini a rai. Jikokin matar suka shigo, kowane ya sumbaci goshinta, ita kuma tana ta kiransu da sunaye masu zaƙi, hasken idona, hantata, raina. Ummi na zaune tana kallonsu, sannan ta saci kallona. Na gane abin da take aunawa.

Ubanta ya yi mata bayani cewa wasa ne, haka kakanni ke yi a gida. Ta ce a makarantarsu an ce zagi zagi ne. Ni kuma da taurin kaina na ce ai maganin wasa ƙarin wasa. In ta wuce in ce, "Ga mai wuyan nan." In ta ci abinci in ce, "Ci dai, ko kya yi kyau." Ina jira ta rama, don ramawar ita ce zumuncin. Ita kuwa sai ta ƙara nisa. Ta daina cin abinci in ina wurin. Takan gaishe ni da safe daga bakin ƙofa, "Sabahul khair, jadda," wato barka da safiya, kaka, kamar mai gaida shugabar makaranta, ta wuce. Alkakin da na yi mata ko taɓawa ba ta yi ba, na ɗora kwanon a kan kabad ɗin kicin. Rukayya ta ce, "Mama, da kin ɗan lallashe ta." Na ce, "Ni in ba jikata haƙuri? A ina aka taɓa yi?" Amma kwana goma sha biyu sun tafi, kuma in na idar da salla ina daɗewa a kan darduma ina lissafin sauran. Abin ya dame ni ƙwarai, ban dai nuna ba.

Ranar Juma'a ta biyu Rukayya ta yi baƙuwa, abokiyar aikinta, Sista Morin. Baturiya ce 'yar ƙasar Ailan, ta kusa sa'ata, gajeriya, gashinta fari fat, ta daɗe tana aikin jinya a Riyad. Da yake ina da Turancina na malanta, hira ta kama mu. Na ce bari in ɗauko mata alkaki ta ɗanɗana abin ƙasarmu. Ina sauke kwano na ga ikon Allah. Kiyashi! Sun yi layi tun daga wata 'yar kafa a gindin taga, sun hau bango, sun shige ƙarƙashin murfi. Hawa na biyu, a gidan da ko iska ba ta shiga. Na ce, "Lallai, har nan kuka biyo ni?" Na jawo butar ruwan zafi.

Sai ji na yi an yi ƙara, "La! Haram!" Ummi ce. Ta sha gabana ta buɗe hannuwa. Wannan ce magana ta farko da ta yi mini da zuciyarta tun zuwana, kuma a kan kiyashi ta yi ta.

Sista Morin ta shigo ta ga abin da ake ciki. Ta dafa kabad ta durƙusa da ƙyar, ta sa tabarau, ta ƙura wa layin ido, ta ce, "Shangan." Ummi ta ce da Turanci, "Me kika ce?" Ta ce, "Sunansu ke nan da yaren kakata." Ni ban ma san mutanen Ailan suna da wani yare ban da Turanci ba. Ta ce suna da shi, Gelik, ana koyar da shi a makaranta, amma waɗanda suka tashi da shi a baki ba su da yawa, yawancinsu a yammacin ƙasar suke, bakin teku. Ta karɓi biro ta rubuta a bayan kwalin shayi: seangán. Na ce, "Wannan rubutu da wannan furuci ai ba su san juna ba." Ta yi dariya ta ce haka yaren yake. Ta ce tushen kalmar seang ne, wato siriri, saboda ƙugun nan nasu. Gidansu kuma nead seangán, sheƙar tururuwa, da kalmar da suke kiran sheƙar tsuntsu. Ta ƙara da ciaróg, buzuzu da danginsa, da beach, ƙudan zuma. Sai ta tsaya. Ta ce na makaranta duk sun zube, waɗannan ne suka zauna, don a bakin kakarta ta ji su wata rana da suka zauna a gindin katangar dutse suna kallon ƙwari.

Sannan ta ɗago ta ce mini, "Ku fa, me kuke ce musu?"

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Na ajiye buta. Na ce waɗannan ƙanana masu bin zaƙi kiyashi ne. Akwai tururuwa, masu jan hatsi zuwa rami. Akwai cinnaka, baƙi, wanda in ya cije ka sai ka tuna sunan kakanka. Akwai kwarkwasa masu tafiya runduna guda, in sun shigo ɗaki sai dai ka bar musu. Ga gara mai cin azara da littafi, ga zago babbanta, ga shinge mai fiffike da ke fitowa bayan ruwan farko, ga suri gidan gara wanda ya fi mutum tsawo. Ina cikin lissafi na lura yarinyar ta sauke hannuwanta. Ta juya wajen uwarta da ke bakin ƙofa ta tambaya da Larabci, uwar ta ce, "Ga ta nan, tambaye ta." Sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Cin... naka. Yana da girma?"

Na ce, "Kamar ƙwayar shinkafa. Amma ya fi ubanki faɗa." Saura kaɗan ta yi murmushi.

Ba a kashe kiyashi ba. Muka fitar da kwanon baranda, muka bar musu guntu ɗaya a gefe, sauran na karkaɗe na sa a firji. Ummi ta kawo littafinta ta ja layi uku, Larabci, Hausa, da yaren Sista Morin. Layin Hausa ya fi kowanne tsawo, na kuwa ji daɗin haka ba kaɗan ba.

Da yarinyar ta fita, Rukayya ta ba Sista Morin labarin abin da ya faru a filin jirgi, ina zaune. Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta ce tata kakar ma kaifin baki gare ta. Turancinta kaɗan ne, na umarni da faɗa, zauna, tashi, rufe ƙofa. Duk taushinta a yarenta yake, ita kuma Morin ba ta iya ba, sai ta tashi tana ganin tsohuwar ba ta sonta. Tana da shekara goma sha ɗaya kakar ta rasu. Sai da ta girma wata gwaggonta ta fassara mata sunayen da tsohuwar ke kiranta da su. Ta ce, "Rana ɗaya tak nake da ita da kakata, ranar ƙwarin nan. Shekara hamsin ina juya ta." Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ke malama ce. Kin taɓa yi wa yara jarrabawa a kan abin da ba ki koya musu ba?"

Wallahi maganar ta shige ni. Na so in ce mata ina ruwanki, amma na san gaskiya ta faɗa.

Washegari da la'asar Auta ya kai mu wani lambu a Murabba, kusa da gidan tarihi. Mutane na ta ɗaukar hoto, ni da jikata muna duƙe a gindin dabino muna neman ramin tururuwa, har wani mai gadi ya zo ya tambaya ko mun yar da zobe ne. Da muka samu muka zauna. Na ce, "Ummi, zo in koya miki wani abu da ya kamata a ce na koya miki tun ranar farko. Laifina ne." Kun ji, na faɗa. Bai kashe ni ba.

Na yi mata darasi sosai, da Hausa a hankali, inda ta kakare in sa Turanci. Na ce a wurinmu uwa da uba ba sa wasa da ɗa, kunya da tarbiyya ke tsakaninsu. Kaka ita ce abokiyar wasa. Na ce tawa kakar, Iya Abu, ba ta taɓa kirana da sunana ba, Ƙafar Zabuwa take ce mini, ni kuma in ce mata Bakin Turmi, kuma duk duniya babu wanda ya so ni kamarta. Na ce dokokin uku ne. Da kaka da jika kaɗai ake yi. Ba a fushi. Kuma dole a rama, in ba a rama ba an bar mutum shi kaɗai a fili.

Ta daɗe tana tona ƙasa da tsinke. Ta ce, "To ni ba mummuna ba ce?"

Na ce, "Da mummuna ce ke, da ban faɗa ba."

Ta ce, "Sunan fa?"

Na ce, "Naki ne. Ni ma aro na yi kafin ki zo."

Ta gyaɗa kai. Amma ta ce ita ba za ta iya ramawa ba, ni babba ce, Allah zai rubuta mata zunubi. Na ce ba komai, ba a dole.

Sauran kwanakin sun yi daɗi. Ta ci alkaki. Ta koma kirana Kaka. Tana dawowa daga makaranta sai ta zo da littafinta, mu ƙara kalma. Na ba ta labarin yadda muke tara shinge a kwano da ruwa a gindin fitila muna yara, mu soya mu ci, ta toshe baki ta ce "Wa'!" ta ruga ta gaya wa ubanta, ya ce ai shi ma ya ci. Auta ya zagaya da ni unguwar Ulaya na ga dogayen gine-gine har wuyana ya yi ciwo, na ga 'yan uwanmu Hausawa direbobi da masu shara, muka gaisa kamar mun san juna. Sista Morin ta sake zuwa sau ɗaya, ta ci tuwo da miyar kuka da cokali, ta ce daddawa sai a hankali. Ni dai na kama bakina, ban sake tsokanar yarinyar ba. Muna zaune lafiya, cikin ladabi, kamar malama da ɗaliba mai hankali. Na gode wa Allah, amma can cikin raina na san ba wannan na zo nema ba.

Ranar tafiya da sassafe aka sauke jakunkunana. Sun fi na zuwa nauyi, dabino, darduma, turare, dogayen riguna na tsaraba. Auta na ta fama da su a bayan mota yana gumi. Ummi na tsaye a bakin ƙofar gini da kayan makaranta, don ba za ta raka ni ba. Na je in yi mata sallama. Na ga ta haɗe hannuwa a baya, ta ja numfashi, kamar mai shirin karanta hadda.

Ta ce, "Kaka."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, da Hausa tsantsa, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ke gara ce. Kin zo, kin cinye mana gida, kin tafi."

Rukayya ta toshe baki. Auta ya tsaya da jaka a hannu. Ita kuwa yarinyar idanunta sun yi zuru-zuru a kaina, tsoro ya cika su, tana jira ta ga ko ta yi daidai ko ta yi zunubi.

Jama'a, babu abin da nake so a lokacin kamar in rungume ta in yi kuka. Amma ni na kafa dokar da bakina, kuma in na rungume ta ban rama ba, na bar ta ita kaɗai a fili. Na yi gyaran murya sau biyu, na kama ƙugu, na harare ta sama da ƙasa.

Na ce, "Ji mini 'yar kiyashin nan! Me ke gare ku a gidan da zan ci? Shinkafar da ba ta da yaji?"

Ta ƙyalƙyale da dariya har jakarta ta zame daga kafaɗa. Motar makarantarsu ta tsaya, ta ruga ta shiga, ta leƙo ta taga tana ihu duk titi na ji, "Gara! Tsohuwar gara!"

Na ɗaga mata hannu da daƙuwa har motar ta sha kwana. Sannan na shiga tamu motar, na ja mayafi na rufe fuska har filin jirgi.